Ɗan Amshi a Ajin Jaz

Shekara da shekaru na yi ina gaya wa duk wanda ya ba ni kunne cewa yayana ne ya danne ni. Na faɗa a teburin mai shayi, na faɗa wa matata har ta koyi yin barci ido buɗe, da na zo Doha kuma na ci gaba da faɗa wa mutanen da ba su taɓa ganinsa ba, ba su da hanyar ƙaryata ni. Daɗin ƙasar waje ke nan, kowa da irin labarin da yake ba da na kansa.

Mu gidan makaɗa ne, kalangu muke yi wa mahauta tun kakanni. Da mahaifinmu ya rasu, Yaya ya ɗauki uwar kalangu da jagorancin waƙa, ni kuma aka bar ni a inda nake tun ina ƙarami, ina riƙe da ƙaramin kalangun nan da muke kira ɗan karɓi, ina kuma yin amshi. Aikin ɗan amshi ba shi da wuyar bayani. Abin da jagora ya faɗa shi za ka mayar masa, ba ƙari ba ragi, a kan lokaci, kuma fuska a sake. In ka kuskura ka ƙara ko da kalma ɗaya, Yaya ba zai juyo ba. Gefen idonsa kawai zai aiko maka, kai ma ka san za ku haɗu a gida.

Maganata kullum ɗaya ce: a ba ni fili sau ɗaya tak, a ga abin da zai faru. Ina cewa akwai kiɗa a cikina da garinmu bai taɓa ji ba, kuma na yarda da hakan har zuciyata. Da tafiyata Qatar ta tabbata, sai na sa aka sassaƙa mini uwar kalangu sabuwa, tawa ta kaina, na ratsa tsakar gida da ita a kafaɗa a gaban Yaya don ya gani. Ya gani, ya ce Allah ya kiyaye hanya. A filin jirgi na Hamad wani jami'i ya jujjuya ta, ya girgiza ta kusa da kunnensa, ya tambaye ni me ke ciki. Na ce masa iska ce. Ya miƙo mini kayata, na wuce.

Daga nan ta shige ƙarƙashin gadona a unguwar Ain Khaled, ta kwanta. Ɗakinmu na 'yan gadi ne, wasu aikin safe, wasu aikin dare, ko yaushe ka shiga akwai mai barci. Wanda ya buga ganga a irin wannan ɗaki ya shirya karɓar takalmi a ƙeya. Na ji daɗin hakan fiye da yadda na nuna, domin yanzu ina da masu danne ni guda biyu, Yaya da Doha.

Aikina gadi ne a wani dogon bene a unguwar Lusail, ina zaune a bayan tebur a bakin ƙofa cikin kayan sarki na kamfani. Da na lura, aikin bai yi nisa da amshi ba. Wanda ya ce mini barka da safiya in mayar masa, wanda ya ce yau akwai zafi in ce lallai akwai zafi. Ban taɓa samun matsala da sufabaiza ba.

Bazarar Doha kuwa, wanda bai ɗanɗana ba ba zai gane ba. Ka fito daga cikin sanyin esi, iska ta rufe ka kamar an jefa maka jiƙaƙƙen bargo mai zafi. Masu hali duk sai su kwashe iyalansu su gudu, a bar gari da mu da waɗanda aka hana hutu. A hawa na uku na benenmu akwai wata makarantar koyon kiɗa, mai ita wata mata ce mai yawan turare da saurin magana. Da bazara ta kwashe mata ɗalibai, sai ta ɓullo da dabara: za a yi ajin jaz na 'yan makonni da yamma, kowa ya zo, wanda ya iya da wanda bai iya ba, a koyi yin kiɗa nan take ba tare da an tsara shi ba. Ni da hannuna na taya ta manna sanarwar a jikin lif.

Wata rana ta same ni ina ƙwanƙwasa tebur da biro, ta tsaya ta ce ko ina kiɗa ne. Amsar da ta dace ita ce a'a, madam. Amma bakina ya riga ni, na kwashe labarin Yaya kaf na zuba mata, lif ya zo ya tafi har ya sake dawowa. Ta dafe ƙirji ta ce dole in shiga ajin, kuma ba sai na biya ba. Na ɗauka tausayina ta ji. Sai daga baya, da na ga mai ɗaukar hoto kullum ni yake sakawa a tsakiya da kalanguna, na fahimci ni ma ina da amfanina.

Wanda ya fi kowa shan labarin Yaya shi ne direban bas ɗin kamfaninmu, wani ɗan Zangon Kumasi mai ƙiba da dariya, wanda yake kai mu aiki yana dawo da mu. A kujerar gaba nake zama, don haka ba shi da wurin gudu. Da na ba shi labarin ajin, sai ya buga sitiyari.

"To massa, ga fili Allah ya kawo maka. Khalas, magana ya ƙare. Ranan ƙarshe akwai wasa?"

Na ce akwai, za a gayyaci mutane, kowane ɗalibi za a ba shi fili shi kaɗai.

"Ni zan zo in ɗauka a waya, in tura ma Yayan nan naka. Ba ni lamba nashi."

Na ba shi. Ba wanda ya tilasta mini, har maimaita masa na yi don kada ya yi kuskure.

Ranar farko na shiga ajin da kayan aiki a jikina, kalangu a hammata. Mun kai mu goma sha wani abu, amma waɗanda suka tsaya mini a rai kaɗan ne. Akwai wani likitan haƙori da saksafon ruwan zinariya, irin dogon abin busan nan mai lanƙwasa, wanda ya fi ɓata lokaci wajen goge shi a kan busa shi. Akwai wani injiniya Ba'indiye a kan piyano, mutumin kirki, ba ya cin nama, kullum yana roƙon a ba shi ƙa'ida a rubuce kan yadda ake yin abin da ba a tsara ba. Sai wata ma'aikaciyar jinya 'yar Filifin mai babbar jita, ita ce kaɗai a cikinmu ta iya kiɗa na gaske, shi ya sa ba ta cika magana ba.

Malamin Bature ne, dogo, ya ɗaure furfurarsa a ƙeya, shi ma saksafon yake busawa. Da ya hango kalanguna sai ya ajiye komai ya nufo ni da hannuwa a buɗe. Ya nemi izini kafin ya taɓa fatar, ya shafa ta a hankali kamar mai gaida marar lafiya. Ya gaya wa aji cewa wannan kiɗa na jaz daga wurinmu ya fito, yau ga asali ya shigo ɗaki da ƙafarsa. Ya ce ya taɓa yin 'yan kwanaki a Dakar, ya tambaye ni ko na san wani abokinsa a can. Na ce na jima da barin gida, wataƙila mun yi saɓani. Ni kuwa da ake kira asalin jaz, ban taɓa jin jaz ba sai a makon nan. Da suka fara, abin ya yi mini kama da tsakar gidan haya da safe, kowa na faɗin nasa, ba mai jiran wani. Sai da na kwana biyu kunnena ya gane akwai igiya ɗaya a ƙasa da kowa yake riƙe da ita.

A zama na biyu malam ya ce za mu yi hira da kayan kiɗa. Zai busa ɗan gajeren abu, wanda ya nuna ya ba shi amsa. Likita ya ba da amsa mai kama da kukan jaki da mura. Injiniya ya tsaya lissafi har lokacinsa ya wuce. Aka zo kaina. Malam ya busa wani abu mai hawa da sauka, ni kuma na matse tsarkiyar kalangu da hammata, na mayar masa da shi a kalangu yadda ya faɗe shi, hawan da saukar duka. Aji ya ɗauki tafi. Ya busa wanda ya fi tsayi, na mayar. Ya yi wani mai karkacewa, har da wurin da busar ta ɗan shaƙe masa, na mayar masa har da shaƙewar. Raina ya yi fari. Na ce a zuciyata, ina ma Yaya yana nan.

Malam ya sauke saksafon yana murmushi. "Madalla, ɗan'uwana. Kunnenka abin mamaki ne. To yanzu ka ba ni amsa."

"Ai na ba ka, malam."

"A'a, maganata ka mayar mini. Taka nake son ji."

Ya sake busawa. Na tsaya, na yi niyyar yin wani abu dabam, wallahi na yi niyya. Kafin niyyar ta iso hannuna, hannun ya riga ya mayar masa da kayansa cif.

"Duba," ya ce, har yanzu da murmushin nan nasa, "in na tare ka a hanya na ce ina za ka, sai kai ma ka ce mini ina za ka?"

Likita ya ƙyalƙyale da dariya, wai shi ma har ya samu wanda zai yi wa dariya. Raina ya ɓaci sosai. Abin da na yi a garinmu shi ne gwaninta, mutum yakan yi shekaru kafin kunnensa da hannunsa su haɗu haka. A nan kuwa ya zama cuta da ake neman yi mini maganinta, kuma mai kukan jaki shi ne lafiyayye.

Da aka tashi na tsaya na yi wa malam tambayar da ta dame ni tun ranar farko. Na ce shi wannan kiɗa wa ake yi wa? Bai gane ba, na yi masa bayani. A wurinmu ba a buga kalangu a iska. Kowane kiɗa da mai shi: wannan taken sarkin pawa ne, wannan na wane mahauci ne, wannan na masu biki ne. Kana ganin mutumin a gabanka, ka san ubansa, ka san abin da yake so a faɗa a kansa, sai hannunka ya san inda zai bi. To a nan wa zan kalla?

"Kanka za ka yi wa," ya ce. Ya miƙo yatsa ya taɓa ƙirjina. "Abin da ke nan shi za ka fitar."

Na sunkuya na duba inda ya taɓa. Bajon kamfani ne a wurin.

Duk da haka na ɗauki maganar da muhimmanci, tun da ai ni na daɗe ina cewa akwai abu a ciki. Lokacin hutun cin abinci sai in sauka can ƙasa inda ake ajiye motoci, in sami lungu bayan wata mota da aka lulluɓe, mai ita ya gudu hutu. Wurin ba iska, gumi har cikin takalmi. In ɗaga gula, 'yar sandar kiɗan nan mai lanƙwasa, in ce bismillah, yau nawa zan yi. In fara. Kafin in yi nisa sai in gane mai shi: wannan na Baba ne, a bakin mayanka yake yin sa. In bari, in kama wani. Wannan kuma na Yaya ne, har ina iya ganin yadda yake karkata wuya in ya zo wurin. In juya shi, in fara daga ƙarshe, in rage gudu, duk a banza, kamar wanda ya sa rigar wansa a bai-bai yana cewa sabuwa ce.

A lungun nan tsoro ya kama ni, tsoro na gaske, irin wanda ban ji ba ko ranar da na fara hawa jirgi. Ba kunyar aji nake ji ba, su wa suka sani a garinmu? Abin da nake tsoro shi ne in ciki babu komai, to Yaya bai danne komai ba ke nan. Ya zama duk shekarun nan ina ƙarar mutum a kan ya hana ni abin da ba ni da shi.

Abin haushi, sauran 'yan ajin ba su da wannan damuwa ko kaɗan. A ce wa likita ga fili, sai ya rufe ido ya lanƙwasa baya ya saki abin da ya zo, marar kai marar gindi, ya buɗe ido yana jiran yabo. Kuma nasa ne, ba wanda zai yi gardama, domin ba mai son a ce nasa ne. Na tsane shi, na kuma yi masa hassada. Na lura irinsu tun suna yara ake tambayarsu me suke so su ci, wace riga za su sa, me suke gani game da kaza. Sun saba a ɗauka akwai wani abu a cikinsu da ya cancanci a ji. Ni ba a taɓa tambayata me zan ci ba sai da na yi aure, ita ma tambayar ba ta wuce watan farko ba.

Malam kuma kullum ƙara mini nauyi yake. In na riƙe musu ƙasan kiɗa, wato abin da na iya, sai ya ce wa aji su saurari bugun zuciyar Afirka. In aka zo ba ni fili na yi tsuru, sai ya ce kada a matsa mini, abu mai zurfi ba ya fitowa da gaggawa, ranar ƙarshe za a ga aman wuta. Na fara jin da ma zagina yake yi.

Sai na yanke shawarar yin maguɗi. An ce kada a tsara, to ni zan tsara, wa zai sani? Na shafe kwanaki a lungun motoci ina harhaɗa wani abu, bugu bayan bugu, ina kauce wa duk hanyar da na san ta gidanmu ce. Da na ga ya haɗu, na jira aka sauke kowa a Ain Khaled, na ce wa direba ya kashe mota ya saurara. Na buga masa. Ya sosa gemu.

"Massa, in faɗa gaskiya?"

"Faɗi."

"Ya yi kaman mutum na buga ƙofan banɗaki, ciki ya matsa shi."

Na ce masa ba laifina ba ne, esi ne yake busar da fatar. Na ƙara da cewa shi kansa jaz ɗin ba kiɗa ba ne, hayaniya ce ta mutanen da suka ƙoshi. Sannan na ce wataƙila ma ranar a sauya mini lokacin aiki.

"Ba za a sauya ba. Na gaya ma sufabaiza, ya ce shi ma zai leƙo. 'Yan ɗakinku ma duka na gaya musu, zan kwaso su. Yalla, sauka, zan je in wanke mota."

Ranar wasan Juma'a ce da yamma, a wani zaure a ƙasan benenmu. An jera kujeru, an ajiye dabino da lemo, an ƙure esi har haƙora suna haɗuwa. 'Yan kallo yawanci iyalan 'yan aji ne, mutanen da za su tafa ko me aka yi. A layin baya kuwa ga 'yan ɗakinmu cikin kaftanin Juma'a, sun harɗe hannuwa kamar masu jiran a yanke hukunci. Direba yana tsaye a gefe, waya a sama tun kafin a fara.

Aka fara. Ni da ma'aikaciyar jinya muka riƙe ƙasan kiɗan, ita da jitarta, ni da kalangu, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗin wannan ɓangaren. Akwai natsuwa a tsaya a bayan mutane ana riƙe musu hanya, ko da masu tafiyar 'yan tangaɗi ne. Injiniya ya yi nasa a tsanake, da gani ya haddace shi a gida, Allah ya ba shi abin da ya hana ni. Likita ya yi nasa, matarsa ta miƙe tsaye tana tafi. Sai malam ya juyo ya kalle ni, ya ɗaga gira, ya ja da baya. Kowa ya sassauta, jita kaɗai ke tafiya a hankali.

Ga filin da na yi shekaru ina nema. Abin da na tsara kuwa na watsar da shi tun ranar da direba ya yi maganar banɗaki. Na ɗaga gula, na saurari cikina. Ba abin da na ji sai ƙarar esi. Jita ta zagayo, ta sake zagayowa, ma'aikaciyar jinya ta ɗago ido ta dube ni. Wani yaro ya yi tari. Na hango wayar direba tana kallona, na san ta cikinta Yaya ne yake kallona.

Sai hammatata ta matse tsarkiya da kanta, hannuna ya sauka. Taken sarkin pawan garinmu ne ya fito, yadda Yaya yake yin sa ranar kasuwa in an kayar da babban sa. Da na ji na kama hanyar da na sani, sai na sake jiki na bi ta da gudu. Kalangu yana faɗin mai wuƙar da ba ta kwana da tsatsa, mai sa mai tozo, wanda ba ya sayar da naman jiya. A zauren Lusail, a gaban masu cin abinci da cokali mai yatsu, na yabi wani mahauci mai tumbi da ke can yana korar ƙuda. Injiniyan da bai taɓa sa nama a baki ba ya lumshe ido yana gyaɗa kai.

A tsakiya ne abin ya faru. Gumi ya jiƙa tafina, gular ta juya a hannuna, na rasa bugu, hanyar ta ɓace mini gaba ɗaya. Jita ba ta tsaya jirana ba. Ba lokacin tunani, don haka na buga abin da ya zo, 'yan bugu kaɗan, sama sama sannan ƙasa, suna ɗingishi, har na hango inda taken yake na faɗa masa. Na ƙarasa yadda Yaya yake ƙarasawa, har da karkata wuyan.

Zaure ya ɗauka. Mutane suka miƙe. Malam ya rungume ni, idanunsa sun kawo ruwa, ya ce wa jama'a sun ga abin da ake nufi da mutum ya saki kansa, wannan abu bai taɓa wanzuwa ba sai yanzu, kuma ba zai sake wanzuwa ba. Ya riƙe kafaɗuna ya ce yau ya haɗu da ni na gaskiya. Na ce na gode, malam. Mai makaranta ta sa aka ɗauke mu hoto. Da na isa layin baya, wani Basakkwace ɗan ɗakinmu ya miƙo mini hannu ba tare da ya tashi ba.

"Sannu da aiki. Wallah kiɗan ga ya tada min kwaɗayin balangu."

Direba ya ce ya riga ya tura wa Yaya.

Washegari da hantsi ina zaune a teburina sai ga saƙon murya daga Yaya. Na bar shi a wayar na ɗan lokaci ina kallonsa, sannan na sa a kunne. Muryarsa ta tsufa fiye da yadda na bar ta, a bayansa ana jin awaki da wata mata tana kiran yaro. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi aiki da zafi da mutanen ɗaki. Sannan ya yi dariya.

"Alhajin Doha, mun ga abin arziki. Na kai wa sarkin pawa ya gani, ya ce ashe takensa har ƙasar Larabawa, tun jiya bakinsa bai rufu ba. Hannunka bai mutu ba, ka riƙe shi yadda ake riƙe shi, Baba ma da ya ji zai yarda. Sai dai wani wuri a tsakiya. Na mayar da shi baya na sake ji, na kuma sakewa. Wannan ba na Baba ba ne, ba nawa ba ne, ba na gidanmu ba ne. A ina ka samo shi? In na Turawan nan ne ka mayar musu da abinsu, ba shi da daɗi."

Na nemi bidiyon da direba ya turo mini a wayata, na kai wurin, na saurara. Na sake saurara. Gaskiyarsa ce, ba shi da daɗi. Ɗan guntu ne, gurgu, da ƙyar ya kai kansa inda za shi. Na yi ta ɗaukar amsa ina gogewa, wata doguwa da bayanin gumi, wata da bayanin esi. A ƙarshe na danna na ce, "Yaya, ba na Turawa ba ne. Nawa ne." Na tura kafin in sake tunani.

Amsarsa ba ta zo ba sai bayan azahar. Saƙon gajere ne, ya fara da shiru, har na ɗauka bai ɗauku ba. Sai na ji ya ja numfashi.

"Shi ya sa," ya ce. "To bar shi a wurin, kada ka cire."